Ta ina zan kama labarin telolin Amurka?

Ɗalibar Tarihi: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ni aiki kan yadda ma'aikatan ɗinki a Amurka suka kafa ƙungiyoyi lokacin karayar arziki ta shekarun 1930. Kaina ya ɗaure, ta ina zan kama?

Malam Na Sakandare: Wa alaikumus salam. Kama daga 1933. A watan Yuni gwamnatin Shugaba Roosevelt ta yi dokar da ta ba ma'aikata 'yancin haɗa kai su yi ciniki da masu kamfani. Agusta na yi, masu ɗinkin rigunan mata wajen 60,000 suka ajiye almakashi a New York, cikin 'yan kwanaki aka biya musu bukata. Nemi sunan ƙungiyarsu, ILGWU, da shugabanta David Dubinsky.

Baba Tela: 'Yata, kafin ki haddace shekaru, fahimci yadda ake biyansu. Mai kaya yakan raba wa 'yan kwangila yadi, wanda ya fi karya farashi shi ke samu, shi kuma ya fanshe a kan mai taka keke. Biya kuwa kan kowace riga ne. Na ɗanɗana irinsa ina saurayi, muna ɗinkin yunifom. Mai shago ya ɗaga riga ɗaya, ya ce wuya ya karkace, ya zabge kuɗin uku. Allura ta karye, daga aljihunka.

Maman 'Yan Biyu: Gaskiyar Baba ce. Kuma kada ki maƙale a New York, ƙanwata. Bibiyi Rose Pesotta, wadda ta ja yajin aikin masu ɗinki na Los Anjalas a Oktoban 1933, akasarinsu mata 'yan asalin Meziko, waɗanda ake cewa ba za su taɓa haɗuwa ba. Takardun ILGWU da hotunansu suna Jami'ar Cornell, wasu na intanet.

Ɗalibar Tarihi: Na gode Anti. Gobarar masana'antar riguna ta Triangle da ke New York fa?

Malam Na Sakandare: Ta 1911 ce, ta ci mutum 146. Taɓa ta kawai ki wuce. Amma Frances Perkins, da ta gani da idonta, ita ta zama ministar ƙwadago a 1933. Kotun ƙoli ta soke waccan doka ta 1933 a 1935, dokar Wagner ta maye gurbi, sannan ta 1938 ta ƙayyade mafi ƙarancin lada senti 25 a awa, aiki kuma awa 44 a mako.

Baba Tela: Awa 44? Mu satin sallah, kafin Laraba mun cinye su.