Neman kalma: me za mu kira zancen da mawaƙin rok ke yi tsakanin waƙa da waƙa?

Assalamu alaikum jama'a. Yau ma da buƙatar da na kawo muku jiya na dawo, ta neman wata kalmar Hausa. Ina fassara wani shirin rediyo kan tarihin kiɗan rok, sai na ci karo da abin da Turawa ke ce wa "stage banter", na tsaya cak. Kwana uku ke nan takardar tana kan tebur, gurbin kalmar ba komai. Abin da ake nufi shi ne maganar da mawaƙi ke yi wa 'yan kallo idan ya dire waƙa, kafin ya ɗauko ta gaba. Masu jita suna gyara tsirkiya, mai ganga yana goge gumi, shi kuma yana riƙe da makirfo: ya gaishe da jama'a, ya zolaye su, ya ba su labarin yadda aka yi waƙar, wani lokacin ma ya yi musu faɗa.

Su kansu masu abin ba su daina gardama a kai ba. Wani ya ce kuɗin waƙa ya biya, a yi masa waƙa, mawaƙi ya bar magana. Wani ya ce in waƙar kawai yake so ai tana cikin wayarsa, ya zo ne ya ga mutum. Don haka kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar yabo, ta kuma iya ɗaukar ƙorafi.

Bari in kawo muku mutanen tukuna, don mu san girman abin da za mu ɗinka wa riga.

Akwai 'yan ƙungiyar Ramones, waɗanda suka taso a New York a 1974. Waƙoƙinsu da kyar suke wuce minti biyu, kuma tsakanin waƙa da waƙa kusan abin da za ka ji kawai shi ne mai jitar bes, Dee Dee, ya ƙwalla ƙirga daga ɗaya zuwa huɗu, sai kiɗa ya sake ɓarkewa. Bob Dylan ma, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2016, ya yi suna wajen hawa dandamali ya sauka ba tare da ya ce wa jama'a komai ba, in ban da gabatar da makaɗansa. Amma shi ɗin dai, a Manchesta a watan Mayun 1966, lokacin da masoyansa na farko ke fushi da shi don ya koma jitar lantarki, wani ya ɗaga murya daga cikin taro ya kira shi Yahuza, wato maci amana. Dylan ya ce masa bai yarda da shi ba, maƙaryaci ne, sannan aka saki kiɗa da ƙarfi. 'Yan kalmomin nan har yau ana maganarsu.

Sai Bruce Springsteen, wanda shi ne ya fi ba ni wahala a fassarar nan. Wasansa yakan kai awa uku, wani lokacin har huɗu, kuma yana da labari a baki. A cikin faifan wasanninsa da ya fito a 1986 akwai inda makaɗa suka sassauta kiɗa ƙasa-ƙasa, shi kuma ya shiga ba da labarin zamansa da mahaifinsa: yadda suke faɗa kullum a kan gashin da ya tara, yadda uban ke ce masa bari soja su kama shi su mayar da shi namiji. Lokacin ana yaƙin Biyetnam. Takardar kiran soja ta zo, ya je gwajin lafiya, ya faɗi. Da ya dawo gida uban ya tambaye shi ina ya shiga, ya ce gwaji ya je, ba su ɗauke shi ba. Sai uban ya ce, hakan ya yi kyau. Daga nan waƙa ta shigo. Na saurari wurin nan da daddare da abin ji a kunne, yara sun yi barci, kuma sai da na tsayar da faifan na ɗan zauna shiru. Duk wanda ya taɓa zama da uba mai zafi wanda ba ya iya furta ƙauna da baki zai gane. Wannan magana ba zan iya kiranta surutu ba.

To ga kalmomin da kuka turo tun jiya, Allah ya saka da alheri.

Surutu ita ce ta fi yawan ƙuri'a, kuma na fahimci dalili. Sai dai surutu ta riga ta yanke hukunci. Da zarar ka ce mutum ya cika surutu ka gama da shi. Akwai inda ta dace kam. A 1974 manajan Elvis Presley, Kanar Tom Parker, ya sa aka yanko maganganun da Elvis ke yi tsakanin waƙoƙi aka tara su a faifai guda, babu waƙa ko ɗaya a ciki, aka sayar. Masu sharhi suna lissafa shi cikin faifai mafi muni da aka taɓa fitarwa. Wannan surutu ne, ba ko tantama, don an raba maganar da waƙar da take yi wa hidima.

Hira tana son mutum biyu suna karɓa suna mayarwa, a nan kuwa mutum ɗaya ne da lasifika, dubbai suna ihu. Jawabi ta sa babbar riga da yawa. Barkwanci da raha sun kama ɓangaren dariya, sun bar labarin mahaifin Springsteen a waje. Shimfiɗa ta burge ni, amma tana aiki ne idan maganar share fagen waƙar da ke tafe take yi, alhali sau da yawa ba ruwanta da ita.

Wani Malam daga Zariya ya kawo sanƙiranci, kuma a kan wannan na daɗe. Malam, ka taɓo wuri mai muhimmanci. A wurinmu an raba aikin tun asali. Ina yaro na sha tsayawa a bayan taron biki ina kallon yadda ake yi: mawaƙi yana tsakiya da 'yan amshinsa, makaɗa a gefe, sanƙira kuma yana kai yana komowa. Kiɗa na sassautawa sai ya cika wurin da murya, ya faɗi wanda ya iso, ya faɗi ɗan wane ne jikan wane, ya ɗaga kuɗin da aka bayar sama ya ambaci adadi don kowa ya ji. Mawaƙin yana samun numfashi, taro kuma ba ya sanyi. Mawaƙin rok ba shi da wannan mutumin, shi ne sanƙiran kansa. Shi ya sa su suke gardamar yawan magana, mu kuma ba mu taɓa buƙatar kalmar ba. Amma sanƙiranci sana'a ce mai zaman kanta, da roƙo da yabon masu kyauta a cikinta. Idan na ce a rediyo Springsteen yana sanƙiranci, mai sauraro a Gusau zai zaci kuɗi ake liƙa masa yana kiran sunaye. Don haka na ajiye ta, da girmamawa.

Wata 'yar uwa ta tuna mana cewa mutanen Legas sun riga mu. Abin da Fela Kuti ke yi a gidan rawarsa na Shrine, ya tsayar da kiɗa ya yi ta caccakar gwamnatin soja jama'a suna shewa, suna ce masa yabis. Kalma ce mai rai, amma ta zambo ce zalla, kuma ba tamu ba ce.

Ga abin da nake ba da shawara: ratse. Cikakkiyarta ratsen mawaƙi.

Ba ƙirƙiro ta na yi ba. Masu nazarin waƙa suna cewa mawaƙi ya yi ratse idan ya bar jigon da yake kai ya taɓo wani abu, sannan ya dawo. Matafiyi ma yakan ratse ya gaida 'yan uwa a wani ƙauye, ko ya sha ruwa, ya komo kan hanya. Abin da nake so shi ne mu ɗan faɗaɗa ta, ta fito daga cikin waƙa ɗaya ta shiga tsakanin waƙoƙi. Wasan shi ne hanya, maganar ita ce ratse. Kuma kalmar tana ɗauke da ma'auninta a jikinta, don wanda ya ratse ana sa ran zai dawo. Labarin mahaifin nan ya ɗauki mintuna, amma ya sauke mai sauraro daidai bakin waƙar, har ya sa ta fi shiga jiki. Wani kuma zai yi magana ta rabin minti ya kashe wutar da makaɗa suka yi awa guda suna hurawa. Ni a ganina da wannan ya kamata a auna, a bar agogo: da ya gama maganar, waƙar da ta biyo ta ƙaru ko ta ragu?

Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa mini a saƙo: ai ratse hanya ɓata ne, kalmar tana da ɗan ƙamshin laifi. Gaskiya ne, kuma ina son ta da ƙamshin nata. Wanda ya biya tikiti mai tsada, ya tsaya awanni a sanyi, ya ji mawaƙi ya kama wa'azin siyasa ba ƙaƙƙautawa, yana da haƙƙin ya ce ratsen ya yi yawa. Wanda aka taɓa wa zuciya kuma ya ce wane ya iya ratse. Wani masaƙi ma ya ƙara mini da cewa a wurinsu ratsi shi ne zaren wani launi da ake gilmawa a cikin saƙa. Kaɗan ne yake ƙawata zane.

Abubuwa biyu nake roƙo kada mu cusa su a ƙarƙashinta. Na farko, abin da Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, ya yi a filin Wembley na Landan ranar 13 ga Yuli 1985, a wasan Live Aid, inda ya riƙa jan murya mutum wajen 72,000 suna maimaita masa. Wannan amshi ne, muna da kalmarsa tun kaka da kakanni, 'yan kallo ne kawai suka zama 'yan amshi.

Na biyun ya fi nauyi. Ranar 30 ga Yuni 2000, a bikin kiɗa na Roskilde a ƙasar Danmak, ƙungiyar Pearl Jam na cikin wasa jama'a suka matso gaba, aka danne na kusa da dandamali. Da labari ya kai ga mawaƙinsu, Eddie Vedder, ya tsayar da kiɗa ya roƙi mutane su ja da baya. Mutum tara suka rasu sanadiyyar wannan turmutsitsin. Ƙungiyar Fugazi ta birnin Washintan ma an san ta da tsayar da wasa idan wasu suka fara bangaje mutane, har a mayar wa mai tada fitina dala biyar ɗin da ya biya a ce ya fita. Mai riƙe da makirfo shi kaɗai ne kowa ke ji a wurin, kuma yana ganin abin da na baya ba sa gani. Irin wannan magana wajibi ce, sunanta gargaɗi, kuma ko mawaƙin da ya fi kowa shiru ba shi da uzurin barinta.

Ga yadda na gwada ta a cikin fassarar, ku ji ko ta zauna a baki:

"Ramones ba sa ratse, daga waƙa sai waƙa."

"Ya yi dogon ratse a kan mahaifinsa kafin ya ɗauko waƙar."

"Wasan ya yi daɗi, sai dai ratse-ratsen sun cinye lokaci."

Ta ukun ce nake ɗan shakka, don ban tabbata jam'in ya yi daɗin ji ba. Mutanen Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mini yadda take sauka a kunnenku, musamman in akwai wata ma'ana da take da ita a wajenku da za ta ɓata mana aiki. Ranar Alhamis da safe zan shiga ɗakin ɗaukar murya, kuma in ba a kawo wadda ta fi ta ba, da ratse zan karanta.