Kod ɗina na binciken raba-biyu ya maƙale: in gyara ko in kira bisect?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon Python, na rubuta binciken raba-biyu, wato binary search, hanyar neman lamba a jeri tsararre ta duba ta tsakiya a jefar da rabin jerin a kowane taku. Farko da karshe su ne gurabun iyakokin ɓangaren da ake dubawa, tsakiya kuma gurbin da ke tsakiyarsu. Yana samo lambobi lafiya, amma in wadda nake nema ita ce ta ƙarshe a jeri, ko ta fi kowacce girma, sai shirin ya yi ta juyi ya ƙi tsayawa. Na sa while farko < karshe, kuma in lambar tsakiya ba ta kai abin nema ba, nakan ce farko = tsakiya. Jerin a tsare yake daga ƙarami zuwa babba. In ci gaba da fama, ko in ɗauki bisect, shiryayyen kod na wannan binciken da ke zuwa da Python, in huta?

Mai_Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Tsara jerin tukuna, wannan binciken ba ya aiki a kan jeri mai hargitse.

Sabon_Shiga: Malam, ai na ce a tsare yake.

Yar_Lissafi: Ƙanina, matsalar tana wurin farko = tsakiya. In saura lambobi biyu, misali farko 8 ƙarshe 9, (8 + 9) // 2 zai ba ka 8, sai farko ya tsaya a 8 har abada. Mayar da shi tsakiya + 1, in lambar tsakiya ta wuce abin nema kuma karshe = tsakiya - 1, madaukin kuma <= maimakon <. Ka gwada da jeri mai lamba ɗaya da wanda babu komai a ciki.

Tsohon_Hannu: Wallahi wannan abin ya taɓa hana ni aiki. A intabiyu aka ce in rubuta shi da Java a allo. Na rubuta, komai daidai, sai mutumin ya ce (farko + karshe) / 2 zai iya ambaliya, wato lissafin ya lalace, in jimillar ta wuce 2,147,483,647, iyakar abin da lambar int ta Java ke ɗauka. Kuskuren nan fa ya zauna shekaru a cikin ɗakin kod na Java kanta, sai a 2006 Joshua Bloch ya bayyana shi. Masu harshen ma sun faɗa ramin, amma ni da nake neman aikin farko aka sallame ni a kansa. Har yau abin yana ci min rai. Ka rubuta farko + (karshe - farko) // 2.

Yar_Lissafi: Yaya, Allah ya musanya da mafi alheri, amma lambobin Python ba sa ambaliya. Kada a ƙara rikita yaron.

Tsohon_Hannu: Ni da na sha wuyar abin ne ban isa in ba da shawara ba?

Dan_Barkwanci: Kashe kwamfutar ka kunna, maganin kowace cuta ke nan 😂

Mai_Kwamfuta: Ni dai bisect. A wurin aiki babu mai rubuta wannan da hannu. Jeri mai lamba miliyan ɗaya taku 20 ne kawai, me za ka ƙara a kai?

Yar_Lissafi: In bai rubuta da hannunsa ba, yaushe zai gane cewa bisect_left na cikin bisect ba ya cewa an samu ko ba a samu ba? Gurbin da lambar za ta shiga kawai yake nunawa, kai za ka duba.

Sabon_Shiga: Na gode Yaya Yar_Lissafi, tsakiya + 1 ya yi aiki. Ashe a wani bidiyon koyarwa na ga farko = tsakiya.

Tsohon_Hannu: Ka ji ko! Masu bidiyon nan su gwada lamba ɗaya ta tsakiya, ta fito, su ce an gama. Ka yi tambaya a ƙasa, babu mai tanka maka. Wanne ka kalla, mu ma mu guje shi?