Waɗanda suka shiga ɗariƙa da girmansu, ya kuka ji a farko?

Ɗan Gwammaja: Slm jama'a. Dan Allah ina son jin ta bakin waɗanda suka shiga ɗariƙa da girmansu, ba waɗanda suka tashi suka tarar da ita a gida ba. Tun rasuwar mahaifinmu bana samun bacci, zuciya ta ƙi zama wuri ɗaya, wani abokina yana ta jana zuwa zawiyarsu wai zikiri zai sanyaya min rai. Ban ƙi ba amma ina son sanin me zan tarar. Banda zage-zage dan Allah, wanda ya shiga ya gani shi nake tambaya.

Bazazzage: Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ni Tijjaniyya na karɓa, kuma abu na farko da zan ce maka kar ka yi gaggawa. Zama a wazifa, wato zikirin da ake yi tare a zawiya, daban, karɓar wuridi daban. Ranar da muƙaddami, wato malamin da ke ba da wuridi, ya yi maka talƙini toh ka ɗau alkawarin da ba a ajiyewa har mutuwa, lazimi safe da yamma, istigfari 100 salati 100 hailala 100, in ya kuɓuce maka sai ka rama, ga wazifa kullum ga zikirin Juma'a bayan la'asar. A baki kamar ba yawa, sai ranar da ka dawo daga kasuwa a gajiye ido na rufewa za ka san alkawari ne.

Ni abin da ya fara kama ni ba wani abin mamaki bane, jinkirin ne. Na saba jan carbi da gudu ina tunanin bashi, sai na tarar da mutane suna jan istigfari a hankali murya ɗaya, ba mai riga wani. Wani dattijo tela da ke gefena ya dafa min gwiwa alamar in sassauta, bai ce komai ba. Kafin a shimfiɗa farin ƙyallen da ake shimfiɗawa don karanta salatin Jauharatul Kamali wlh numfashina ya daidaita kamar an sauke min buhun masara daga ka. Ban ga haske ba ban yi wani mafarki ba, bacci dai na samu, kuma shi nake nema a lokacin.

Na Kabara: Mu namu na Ƙadiriyya da motsi ne. In kana Kano ka leƙa Gidan Ƙadiriyya ka ji bandiri da zikirin anfasu, wanda ake fitar da sunan Allah tare da numfashi, jiki na rausaya, ka fito sharkaf da gumi amma zuciya wasai. Wasu na ganin sabon abu ne alhali Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa Baƙadire ne. Ni a Maukibin Shehu Abdulƙadir, taron da ake yi duk shekara, na fara shiga cikinsu, kallo ya kai ni.

Maman Ihsan: Ni bayan na yi ɓari ne na shiga wani hali, ko abinci bana iya ci, maƙwabciyata ta dinga jana wajen wata malama da mata ke taruwa ranar Juma'a. Gsky ba zan ce zikirin kaɗai bane, matan ne ma. Sati ɗaya ban je ba sai gasu da kwanon tuwo da kunu, ɗaya ta share min tsakar gida ɗaya ta yi wa yara kitso, ba wadda ta tambaye ni me ya faru ko ta ce in yi haƙuri sau ɗari irin yadda dangi ke yi har ka gaji. Ɗan uwa ka nemi wurin da in baka zo ba za a lura.

Abu Safwan: Ni na zauna da su na wani lokaci ban karɓa ba, kuma ba faɗa muka yi ba. Sharuɗan ne na ga ba zan iya ba, sai na tsaya a kan azkar ɗin safiya da maraice da karatun Alƙur'ani. Shawarata ka kalli muƙaddamin sosai kafin ka miƙa hannu. In ka ga maganar hadiyya ta fi maganar sallah yawa a bakinsa, ko yana raba ka da mahaifiyarka da ƴan uwa, ka ja baya. Na kirkin su ma haka za su faɗa maka. Sannan ka shirya wa gida, in akwai ƴan Izala a cikin yayyenka za a sha muhawara.

Nas Hauwa: Yayana ka je zikirin, ni ma ina yi, amma rashin bacci da ya daɗe bayan rasuwa abu ne da muke gani a asibiti kullum. In ka kai ga baka cin abinci, ko ka daina fita nema, ko tunanin gara ka mutu yana zuwa maka, ka ga likita a satin nan kar ka jira. Wanda duk ya ce ka ajiye magani saboda wuridi bai so ka da alheri ba.

Ɗan Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abinci ina ci alhamdulillah, baccin ne dai, zan ga likitan in sha Allah. Malam Bazazzage, in zan je wazifar gobe akwai abin da zan riƙe ko na saka?

Bazazzage: Ba komai, alwala kawai da kaya masu tsarki. Mu bayan magariba muke yi, ka tambayi abokin naka nasu lokacin. Ka zauna kusa da shi, ka kashe waya, inda baka iya ba ka yi shiru ka saurara.