Jirgin yaƙi mai suna Aradu, wa ya san labarinsa?

Baban Hanifa:
Salam jama'a. Jiya na je aski nan Kubwa sai na ga wata tsohuwar kalanda a bango duk ta yi ƙura, hoton jirgin ruwan yaƙi ne ruwan toka an rubuta F89 a jikinsa, a ƙasa kuma NNS Aradu, wato jirgin sojin ruwan Najeriya ne. Wallahi har aka gama askin idona na kansa. Shin aradun nan tamu ce ta Hausa ko dai dacewa ce kawai? Mu da ba mu da teku ya aka yi sunanmu ya hau jirgi?

Malam Garki:
Wa alaikassalam Baban Hanifa, ita ce dai, aradun da ake rantsuwa da ita. Kamfanin Blohm & Voss ne ya ƙera shi a Hamburg ta Jamus, ya fara aiki 1982 zamanin Shagari, tsawonsa kusan mita 125 ka ga ya fi filin ƙwallo kenan, kuma shekara da shekaru shi ne gagarabadau a rundunar sojin ruwanmu. A 2005 har Ingila ya je bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, inda Nelson, kwamandan sojin ruwan Ingila, ya ci jiragen Faransa da na Sifaniya a 1805 shi kuma ya rasa ransa a wurin. Abin da ke ci mini rai ya daɗe a ɗaure a Legas ba ya fita teku, jirgi kamar wannan fa.

Ɗan Nyanya:
Yallaɓai ai ba shi kaɗai ba ne, ni abin da ya fi burge ni yadda suke raba sunayen. Sai a ɗauki dabba ɗaya a kira ta da harsuna daban-daban, akwai Dorina da Otobo da Erinomi da Enyimiri duk dorinar ruwa ake nufi, sannan Damisa tana tare da Ekpe da Agu, har Kyanwa akwai wallahi! Akwai kuma NNS Kada da ya iso 2022, mai ɗaukar sojoji da motoci ya sauke su a gaɓa, ka ga sunan ya zauna daram.

Maman Walid:
Kun tuna min da kakana Allah ya jiƙansa. Yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙin Hitila, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin garinsu ba sai ga shi a jirgi daga Ikko har Indiya. Ya ce kwanakin farko amai kawai suke yi kowa ya rungume bokiti, in lokacin sallah ya yi kuma a yi ta gardamar alƙibla don jirgin juyawa yake. Har ya tsufa in yana ba mu labarin sai ya kama gefen tabarma yana layi yana nuna mana yadda ruwan ke yi da su, mu muna dariya shi kuwa idonsa ya ciko don akwai abokansa da ba su dawo ba.

Baban Hanifa:
Allahu akbar, Allah ya jiƙansu Hajiya. Na gode Malam. Gobe in sha Allah zan koma in roƙi mai askin ya sayar min da kalandar nan kafin ya cire ta.