Mikroskop ɗina na nuna hazo in na kai 100, mi zan yi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a labo na wani ɗan kilinik nan Maradi, ga damina masu masassara sun yi yawa ga mikroskop ya fara ba ni wahala. Da idon mikroskop (gilashin da ke ƙara girma) mai lamba 10 da mai 40 ba laihi amma ina juyawa 100 don duba gut epes, wato ɗigon jini mai kauri na gwajin masassara, sai komi ya yi hazo, in na samu tsakiya ta fito gefe ya ɓace, ƙwayoyin kuma kamar an zagaye su da launi. Patron na cewa idona ne. Don Allah mi ya kamata in yi?

Tsohon ma'aikacin labo: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komi, wane mai kake ɗigawa bisa lam ɗin, gilashin da ake shafa jini a kai?

Mai tambaya: Baba gaskiya na asali ya ƙare tun watan jiya, man farafin muke sawa.

Tsohon ma'aikacin labo: To ka ga rabin ciwon. Man mikroskop an yi shi ne ya karya haske daidai da gilashi, 1,515 suke rubutawa jikin kwalba, farafin bai kai nan ba shi ya sa haske ke watsewa kafin ya shiga. Kuma in ba ka gogewa kullum da marece sai ya bushe, ƙurar garin nan ta manne, a goge da takardar goge idon mikroskop ba bakin riga ba don Allah, na ga yara na yin haka raina ya ɓaci.

Wata 'yar uwa: Ka duba 40 ɗin ma, yana yawan lasar mai in ana juyawa.

Mushen fizik: Baba ya yi gaskiya, amma launin nan da hazon gefe ko ka wanke ba za su tahi duka ba, daga ƙirar idon mikroskop ɗin ne. Gilashi ba ya karya launuka daidai, shuɗi ya hi ja lanƙwasa, to ba su haɗuwa wuri guda. Tun 1758 John Dollond a Ingila ya yi rajistar dabarar haɗa gilashi iri biyu don gyara wanga, ita ce akromat, tana daidaita ja da shuɗi sauran sai haƙuri, apokromat ke gyara uku amma kuɗinshi ba na ƙaramin labo ba ne. Shi kuwa gefe, hoton ne ke fitowa kamar ƙwarya alhali lam ɗinka shimfiɗe yake, sai ido mai rubutun Plan ke miƙar da shi.  Karanto muna abin da aka rubuta jikin idon naka na 100.

Mai tambaya: Mushe an rubuta 100/1.25 Oil, ƙasa 160/0.17, babu Plan.

Mushen fizik: Yawwa. Ka fara da mai na asali tukuna. In patron ya yarda a sai sabon ido ka tabbata an rubuta 160 jikinshi kamar naka, kar a kawo maka mai alamar takwas a kwance, wancan na wani irin mikroskop ne ba zai yi da naka ba.