Ƙofa ɗaya ga Nextcloud da Moodle: wa ya taɓa haɗawa da hannunsa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin Katsina. Muna da saba a ofis, a kanta muka ɗora Nextcloud na ajiye takardun malamai da Moodle na darussa. Kowane malami kalmar sirri biyu gare shi, kuma duk ranar Litinin sai an yi cincirindo a bakin ofishina, wannan ya manta ta nan, wancan ya manta ta can. Har wata malama na tarar ta rubuta tata a bangon rajistar aji, inda kowane yaro zai iya gani. So nake in haɗa su a ƙofa ɗaya, abin nan da ake kira SSO, mutum ya shiga sau ɗaya ya wuce ko'ina. Hankalina ya fi karkata ga Keycloak, manhajar da ke tsare wannan ƙofa ɗaya tana tantance mai shiga. Don Allah duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mana inda ya sha wuya.

Injiniya daga Daura:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, duba agogon injinanka. Kwana uku na yi ina fama da wannan a wani ƙaramin asibiti nan Daura. Keycloak na kan kwamfuta ɗaya, Nextcloud na kan wata. Ranar da na haɗa komai lafiya lau. Washegari da safe mai kula da kati ta kira ni, ta ce tana sa kalmar sirri daidai amma ana dawo da ita baya. Na sake duba saiti, na goge na sake ƙirƙira, shiru.

Ashe batirin inbata ne ke ƙarewa cikin dare idan an ɗauke wuta, kwamfutocin su mutu. Ita wadda Nextcloud ke kai tsohuwa ce, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe mata lokaci, CR2032, ya mutu. Sai ta farka da tsohon kwanan wata. Shi kuwa tikitin shaidar shiga da Keycloak ke bayarwa yana ɗauke da lokacin da aka buga shi da lokacin da zai ƙare, kuma a saitinsa na asali minti 5 kacal yake yi. Idan agogo biyun suka saɓa, sai a ƙi tikitin. Na canza batirin, na sa chrony, manhajar daidaita agogon kwamfuta, na mai da sabar Keycloak ita ce mai ba sauran lokaci ko da data ta ƙare. Kada kuma ka gyara agogo da hannu kana duban na wayarka alhali injin na kan UTC, wato lokacin duniya da namu ya fi da awa ɗaya, za ka jefa shi gaba da awa ɗaya. Ka sa yankin lokaci Africa/Lagos, ka bar shi ya daidaita kansa.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Malam, ni adireshi ne ya ba ni wahala. Adireshin da manhaja za ta koma bayan an shiga dole ya zo ɗaya da wanda ka rubuta a Keycloak, harafi da harafi. Na rubuta http a maimakon https, ƙofa ta ƙi buɗewa. Sannan ka kula da tsofaffin bayanai na intanet. Tun daga Keycloak 17 da ya fito a 2022 aka cire /auth daga adireshin asali, amma bidiyoyi da yawa har yanzu da shi suke koyarwa. A hanyoyin haɗa manhaja da Keycloak, ka zaɓi OpenID Connect, ya fi SAML sauƙin sha'ani, kuma Moodle na da OAuth 2, tushen da aka gina OpenID Connect a kai, a cikinsa tun sigar 3.3.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Malama, ina sa nginx a gaba, manhajar da ke karɓar masu shigowa ta miƙa su ga na baya, shi ma akwai abin lura?

Malama mai koyar da kwamfuta:
Akwai. Ka tabbata yana miƙa X-Forwarded-Proto, alamar da ke nuna ko ta http ko https aka zo, ka kuma gaya wa Keycloak cewa a bayan nginx yake, in ba haka ba zai riƙa ɗauka ta http aka zo. Idan kuma duka a gida ɗaya suke, Nextcloud ba ya yarda ya kira adireshin cikin gida sai ka kunna allow_local_remote_servers a config.php.

Yayanku na Ƙofar Marusa:
Ƙanena, abin da nake ji maka tsoro daban ne. Ranar da Keycloak ya tsaya, kowa ya tsaya, har da kai. Ni satifiket ɗin https na Let's Encrypt ne ya ƙare mini, kwana 90 yake yi, sabuntawar ta tsaya ban lura ba. Ana tsakiyar haɗa sakamakon jarrabawa, malamai sun cika ofis, ni kaina na kasa shiga domin na riga na rufe shiga ta kalmar sirrin manhajar kanta. Wallahi gumi ya jiƙa mini riga. Ka bar asusun mai kula (admin) guda ɗaya a kowace manhaja wanda bai bi ta Keycloak ba. A Nextcloud ko ka tilasta SSO, idan ka ƙara ?direct=1 a ƙarshen adireshin shiga, tsohon shafin zai fito. Ka rubuta kalmar sirrin a takarda, ka sa a ambulan, shugaban makaranta ya kulle a durowarsa.

Wani abu kuma, malamanka suna da takardu a tsofaffin asusunsu. In ba ka daidaita sunan mai amfani ba, user_oidc, abin da ke haɗa Nextcloud da Keycloak, sabon asusu zai buɗe wa kowa, mutum ya shiga ya tarar fayau, ya ɗauka an goge masa aikin shekara. Ka fara gwadawa da mutum biyu.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Yaya na gode ƙwarai, wannan na ƙarshe ko kusa bai zo mini a rai ba. Zan jira a yi hutun zango in fara da asusuna da na mataimakin shugaba. Injiniya, sabar tawa RAM ɗinta giga 4 ne, kuma Moodle na ci sosai. Ka ga Keycloak zai zauna tare da su, ko in nemo masa wata kwamfutar daban?