Kwafin muƙamuƙin dainoso mai bakin agwagwa don ɗalibai

Malamin kimiyya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Muna son muƙamuƙin dainoso mai bakin agwagwa don baje kolin kimiyya na makaranta, kwafi goma da yara za su iya taɓawa. Ta yaya ake zuba shi? Kuma ana samun ainihin ƙashin a yankinmu?

Mai nazarin duwatsu, Gusau: Wa alaikumus salam, Malam. Ainihin ƙashin kam a cire rai. Dangin Hadrosauridae, wato dainoso masu bakin agwagwa, sun rayu a ƙarshen zamanin Kiretashiyos, suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma galibin ƙasusuwansu daga Amurka ta Arewa da Asiya aka haƙo su. A Afirka sai 2020 aka bayyana na farko, Ajnabia, daga Maroko. Yawancin Zamfara tsohon dutsen ƙarƙashi ne, ba ya riƙe ƙashi. Kwarin Sakkwato kuwa teku ya taɓa rufe shi, shi ya sa abin da ya fito daga can irin Goronyosaurus ne, ƙaton ƙadangaren ruwa da ya ci sunan Goronyo. Mafi kusa da abin da kuke nema shi ne Ouranosaurus na Gadufawa a Nijar, wanda Philippe Taquet ya bayyana a 1976. Ɗan'uwan masu bakin agwagwa ne na nesa, kuma ya girme su.

Mai zubin filasta, Argungu: Malam, a fara samun samfuri guda mai kyau, bugun 3D ko kwafin roba. Sauran aikin mazubi ne. A binne rabin muƙamuƙin cikin laka, a kewaye da katako, a huda ƙananan ramuka huɗu a lakar domin ɓangarorin biyu su riƙa haɗuwa daidai. A zuba silikon, ruwan robar da ke daskarewa ya zama mazubin, daga kusurwa ɗaya, siriri, daga sama, don iska ta fita. Kaurinsa ya kai santimita ɗaya a ko'ina. Idan ya kama, a juya, a cire laka, a shafa basilin, a zuba rabi na biyu. In aka manta basilin, ɓangarorin za su manne, sai wuƙa.

Gargaɗi: lakar da ke da farar wuta, da safar hannu ta danƙo, suna hana wani nau'in silikon daskarewa, sai ya tsaya yana yauƙi. A gwada a ɗan wuri tukuna.

Garin POP kuwa, wanda ake zubawa a mazubin don fitar da kwafin, gari 100 ruwa 70 a ma'aunin nauyi. Gari ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba. A bari ya jiƙa minti biyu, a dama a hankali, a zuba, a bubbuga gefen mazubin. Da zafin Afrilu yana kamawa kafin a gama zubawa, don haka ruwan randa mai sanyi, kuma da sassafe. A sa waya mai kauri a tsakiya, in ba haka ba zai karye a hannun yaro na farko. A bar shi kwanaki a inuwa kafin fenti. Fenti a kan ɗanye ɓarewa yake.

Malama mai koyar da ilimin halittu, Zuru: Ni haƙoran nake roƙo a kula da su, domin su ne darasin. Bakin gaba ba shi da haƙori, na tsinko ganye ne. A baya kuma ɗaruruwan haƙora ne jere a saman juna, na sama yana cinyewa na ƙasa yana turowa, suna zama kamar dutsen niƙa. Mazubin da kumfa ya cike wannan wurin ya ɓata aikin. A fara shafa silikon da burushi a kan haƙoran kafin a zuba sauran. Kuma a rubuta "kwafi" a ƙasan kowanne, yara su san abin da ke hannunsu.

Mai zubin filasta, Argungu: Haka ne, Malama. Ƙari ɗaya: samfurin 3D na robar PLA yana laushi a wajen digiri 60, kada a bar shi cikin mota a rana.